Gizo Dillalin Filaye

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wai a gefen Dajin Falgore, can kudancin Kano, akwai wani gari na namun dawa. A da ba wanda ya san ana sayen ƙasa a garin. Duk inda dabba ta ga ya yi mata, nan za ta tona rami ko ta yi sheƙa ta zauna. Da 'yan Adam suka datse Kogin Kano a Tiga a 1974, ruwa ya taru ya cinye fadama da gangare, dabbobi suka kwaso 'ya'yansu suka hauro tudu. Tudu kuwa bai ƙaru ba. Nan da nan rigimar iyaka ta tashi. Yau Zomo ya ce an shigo masa rami, gobe Beguwa ta ce an tare mata ƙofa.

Shamuwa ce ta kawo shawara, don ita kowace damina a cikin garuruwan mutane take sheƙa, tana jin abin da suke ciki. Ta faɗi gaban Zaki ta ce, "Ranka ya daɗe, mutane sun yi wata doka a 1978. Sun ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, amana ce ya riƙe wa jama'a. Wanda aka ba fili sai a rubuta masa takardar shaida, yawanci ta shekara 99, a kafa masa duwatsu a kusurwoyi huɗu. Da mu ma mun yi haka, da an huta."

Zaki ya ce madalla. Ya naɗa Kurege mai awo, ya ba shi igiya mai ƙafa 50. Ya naɗa Hankaka magatakarda, ya damƙa masa kundi da hatimin fada. Burgu ya zama mai unguwa, ba a cinikin ƙasa sai ya shaida. Dila, da yake shi ne malamin daji, aka ba shi alƙalanci. Zanzaro ya zama Sarkin Magina. Hawainiya kuwa tun da can ita ce mai maganin gari. Dillanci kaɗai ne ba a naɗa kowa ba. Gizo ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin tsamiyar kasuwa, ya naɗa kansa.

Shekarun farko Gizo ya yi aiki tsakaninsa da Allah. In mai fili ya ce albarka, sai ya koma wurin mai saye ya lallashe shi ya ƙara. In an sallama, a ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, a faɗi ko la'ada ciki ko la'ada waje, ya ɗauki nasa, wuri 1 a cikin kowane 20, don su dabbobi da kuɗin wuri da mutane suka watsar suke ciniki. Aka yarda da shi har mai tafiya ci-rani yakan bar masa takardar gidansa ajiya. In Gizo ya ce fili ba shi da rigima, ba a ƙara tambayar kowa.

Ana nan, wata rana Kura ta zo ta zauna a gefen tabarmar. Ta tara dukiya a cinikin ƙashi da fatu, tana neman inda za ta zuba.

Ta ce, "Malam Gizo, shekara nawa kana dillanci, har yau rigarka ɗaya?"

Ya ce, "Hajiya, la'ada ce, ba ta wuce cefane."

Ta ce, "Mai saye bai san mai sayarwa ba, mai sayarwa bai san mai saye ba. Kai kaɗai ka san su duka biyu. Wannan sanin fa, kyauta kake ba da shi?"

Gizo ya kwana yana juya maganar. Da gari ya waye Damo ya zo yana neman wurin da zai zauna da iyalinsa. Beguwa ta sallama nata a zambar 8, Gizo ya ce wa Damo ta kafe a zambar 12. Damo sarkin haƙuri ya ƙirga ya bayar, har da godiya. Gizo ya soke zambar 4 a aljihu, ya kuma karɓi la'ada daga kowane ɓangare. Ya jira ya ga ko sama za ta faɗo. Ba ta faɗo ba.

Da ya kai kuɗin gida matarsa Ƙoƙi ta dube su ta ce, "Maigida, wannan ya fi ƙarfin la'ada."

Ya ce, "Ke dai ɗora tukunya."

Daga nan sai ya nemi Kurege. Kura ta sayi wata babbar gona za a yanka ta filaye. Gizo ya kai wa Kurege goro da dare ya ce, "Igiyar nan taka ta yi tsawo. In ka ƙulle ƙafa 5 a ƙarshenta, kowane fili 10 da ka auna za su haifi na 11. Rabi naka."

Kurege ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ƙafa 5 ai ba ta kashe kowa." Ya ƙulle igiya. Masu saye suna tsaye suna kallo ana jan ta daga dutse zuwa dutse, suna murna an auna musu a kan idonsu. Ba wanda ya taɓa tunanin a auna igiyar ita kanta.

Sai Hankaka. Zomo ya tafi ci-rani ya bar takardarsa a hannun Gizo. Gizo ya sayar wa Tunku filin, bayan wata biyu ya sake sayar wa Zabuwa shi. Ya je wurin magatakarda ya ce a rubuta sababbin takardu. Hankaka ya gyara farin ƙirjinsa ya ce, "Ni rubutu aka ɗauke ni in yi, ba yawon duba filaye ba." Ya rubuta, ya buga hatimi, ya karɓi nasa. Burgu mai unguwa ya zo ya shaida duka biyun. Da matarsa ta yi masa magana ya ce, "Na ga an miƙa kuɗi, na ga an karɓa. Abin da na gani shi na shaida." Kumatunsa kuwa sun cika da goro har maganar ba ta fita sosai.

Mafi muni shi ne abin da ya sami Bushiya. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu 4 da gona guda a bakin hanya. Kura ta daɗe tana kwaɗayin gonar. Bushiya tana cikin takaba, ba ta fita, Gizo ya sa Hankaka ya rubuta takarda cewa marigayi ya sayar da gonar kwana 3 kafin ya cika. Sai dai gari duka ya san a kwanakin nan ba ya gane wanda ke kansa. Saboda haka aka bukaci bakin mai magani, tun da ita ta yi jinyarsa.

Hawainiya ta fara ƙi. Gizo ya ajiye mata zambar 5 ya ce, "Baba, wata nawa za ki yi kina haƙar saiwa kafin ki tara wannan?" Ta sauya launi sau biyu, sannan ta ce, "Gaskiya ranar nan ya ɗan farfaɗo, har ya gaishe ni da sunana." Tun daga ranar ta gane baki ya fi saiwa kawo kuɗi. Ta daina shiga daji. Wanda duk ya zo da ciwo sai ta ƙulla masa toka da ɗan jan ƙasa, ta ce a jiƙa a sha safe da yamma.

Da Bushiya ta fita takaba ta tarar an kewaye gonar da ƙaya. Ta sayar da 'yan kwanukanta ta ba Gizo ya nemo mata wani ɗan wuri, don ba ta san da hannunsa a ciki ba. Ya ba ta filin Zomo, ta zama ta uku a kansa. Ranar da ta kai tubali ta tarar da Tunku yana haƙa harsashi, Zabuwa tana zuba yashi, ga Zomo ya dawo daga ci-rani yana tsaye da jakarsa. Masu sayen uku kowa ya zaro takarda, kowace da hatimin fada.

Suka ɗunguma gaban alƙali. Tun daren jiya Gizo ya riga ya aika wa Dila da kaji 2. Dila ya jujjuya takardun ya ce, "Baiwar Allah, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa kika sayi fili ba ki yi bincike ba?"

Bushiya ta ce, "Allah ya gafarta malam, na tambayi dillali ya ce ba rigima. Na tambayi mai unguwa ya ce shi ne shaida. Na ga duwatsun mai awo, na ga hatimin magatakarda. Ni ban iya karatu ba, ban iya awo ba, shi ya sa aka naɗa su. In ban tambaye su ba, wa ya rage in tambaya?"

Dila ya yi gyaran murya ya ce shari'a ce mai sarƙaƙiya, a dawo bayan mako 2. Da suka dawo ya ce Hankaka ba shi da lafiya. Da suka sake dawowa ya ce kundin ya jiƙe ana shanya shi. Haka aka yi ta ɗagawa har damina ta wuce, rani ya shigo, Bushiya da marayunta suna kwana a ƙarƙashin tarin kara.

A ranin nan babban kududdufin da ke tsakiyar gari ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage. Gizo ya tsaya a bakinsa yana lissafi. Ya kira Kurege aka ja igiya, aka yanka shi, ya sayar wa Kura gaba ɗaya a keso 1, wato wuri 20,000. Kwaɗo ya fito daga cikin laka ya ce, "Malam Gizo, duk ruwan unguwannin nan a nan yake kwana. In kun toshe masa makwanci, ina kuke so ya je?" Gizo ya ce ya kawo takardarsa in yana da ita. Kwaɗo ba shi da takarda, don kakanninsa sun riga takarda zuwa wurin.

Da Shamuwa ta iso da farkon damina ta ji labari, ta samu Gizo ta ce, "Ka yi hattara. A birnin Kano na ga kududdufai da yawa da aka cike aka yi gini a kai. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka masu yawa, 'yan kasuwa suna ta kuka da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa." Gizo ya ce ai shi ba zai zauna a wurin ba, ya sayar, ya wanke hannunsa.

Shekara 2 aka yi ruwa ya yi ƙaranci, ba abin da ya faru. Kura ta sa aka yi ta zuba bola da shara a kududdufin, aka rufe da jan ƙasa, aka daddaɓe, aka dasa 'yan bishiyoyi a gefe. Ta sa Kurege ya zana sabuwar taswira, ta sa Hankaka ya rubuta wa wurin sabon suna, Tudun Alheri. Filaye 2 na kan kwana aka kai wa Zaki gaisuwa, ya karɓa bai tambayi daga ina suka fito ba.

Shi kuwa Gizo a lokacin ya yi kuɗi, ya yi tumbi, ya daina taka rana. Yara ya ɗauka suna yi masa yawon filaye, shi yana kishingiɗe a rumfa ana yi masa fifita. Ya ce lokaci ya yi da zai gina gidan da ya dace da shi. Babban yaronsa, wanda ya koyi sana'ar a gindin tabarmarsa, ya zo ya ce, "Maigida, an buɗe wata sabuwar unguwa ta manya, har Zaki yana da fili a ciki. Saura guda a tsakiya, keso 10 aka ce." Kura keso 7 ta faɗa, amma yaro ya riƙe karatun da aka koya masa.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka je ka gani da idonka."

Ya ce, "Ga taswirar Kurege, ga hatimin Hankaka, ga shaidar Burgu. Duk mutanena ne. Ni za su cuta?"

Ya biya. Ya kira Zanzaro ya ce a yi masa soro mai hawa biyu. Zanzaro kuwa ya daɗe yana gina wa Kura gidajen haya, kuma Gizo ne da kansa ya koya masa yadda ake rage kaya a raba rara. A ƙa'idar magina, ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana da kwanaki ta ruɓa, a bar tubali ya bushe sarai, a yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta iya ci, a shafe bango da makuba don ruwa ya zame. Zanzaro ya karɓi kuɗin duk wannan. Ya kwaɓa ƙasa da safe ya ɗora da yamma, ya sa itacen rimi a madadin azara, ya shafe waje da farar ƙasa. Gida ya fito fes, har ana zuwa kallo daga wasu unguwanni. Gizo ya tare da kiɗa da buɗa. Da aka sauke shi a ƙofar gidan ya ga wata tsohuwar kuka a gefe, ya ji kamar ya san ta, amma maroƙa suna ta zuba masa kirari, bai tsaya tunani ba.

Sai ga damina mai ƙarfi. A cikin watan Agusta aka kwana 3 ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan unguwanni ya gangaro yana neman makwancinsa, ya tarar da Tudun Alheri. Bolar da ke ƙasa ta jiƙe ta zauna, harsashi ya nutse, itacen rimi da gara ta riga ta rarake ya karye. Cikin dare soro ya rufta. Gizo da Ƙoƙi suka fito da kyar, ƙaramin ɗansu kuwa bango ya danne masa ƙafafu biyu.

Suka ruga da shi wurin Hawainiya. Ta ƙulla musu abin da take ƙulla wa kowa. Gizo ya kwance ƙullin ya shinshina ya ce, "Baba, wannan ai toka ce!" Ta ce, "Rabona da daji tun shari'ar Bushiya. Ko wurin da saiwar take na manta." Yaron ya rayu, amma da ɗingishi ya tashi.

Gizo ya garzaya gaban alƙali yana kururuwa an cuce shi. A ƙofa ya tarar da Ungulu da Tsari, kowanne riƙe da takardar wannan filin nasa, da hatimin fada. Kura kuwa ta riga ta aika wa Dila da rago. Dila ya dubi Gizo ya ce, "Bawan Allah, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kai da kake dillali, me ya sa ba ka yi bincike ba? A dawo bayan mako 2."

Ruwan bai tsaya a gidan Gizo ba. Da ya rasa wurin zama ya bazu cikin gari, ya cinye ramukan talakawa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, ya kuma shafe filayen Zaki na kan kwana. Sai a lokacin Zaki ya sa aka buga tambari, gari ya taru.

Aka fara tambaya. Gizo ya ce Kura ce ta zuga shi. Kura ta ce ita 'yar kasuwa ce, abin da aka sayar mata ta saya. Kurege ya ce ƙafa 5 kawai ya rage. Hankaka ya ce abin da aka kawo masa ya rubuta. Burgu ya ce abin da ya gani ya shaida. Zanzaro ya ce kowa a garin haka yake gini. Hawainiya ta ce magana ɗaya tak ta faɗa. Dila ya ce shi bai taɓa yanke hukuncin zalunci ba, don bai taɓa yanke hukunci ba.

Kunkuru, wanda ya girmi kowa a wurin, ya miƙo wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Kowannensu gaskiya ya faɗa, kaɗan ya ci. Amma kowanne da ya ci nasa kaɗan ɗin, ya ɗauka sauran suna nan a kan gaskiya, za su tsare shi ran da bukatarsa ta zo. Mai awo yana so in ya yi ciwo a ba shi magani na gaske. Mai magani tana so a gina mata ɗaki da azara ta gaske. Dillali yana so in an cuce shi ya sami alƙali. Duk wanda muka ba irin wannan aiki, mun ba shi ne a kan abin da mu ba mu iya dubawa da kanmu. Saura tambaya ɗaya, Manyan Dawa. Ƙasar nan amana aka ce ka riƙe. Ran da aka kawo maka filayen kan kwana, ka tambayi inda suka fito?"

Fada ta yi tsit. Zaki ya sunkuyar da kai, ya daɗe, sannan ya ce bai tambaya ba.

A ranar aka tuɓe Kurege da Hankaka da Burgu da Dila. Aka mayar wa Bushiya gonarta, aka mayar wa Zomo filinsa, aka ƙwace dukiyar Kura aka biya Tunku da Zabuwa da Damo. Aka kwashe bola aka mayar wa Kwaɗo kududdufinsa. Aka kafa turaku 2 a tsakiyar kasuwa, ƙafa 50 tsakaninsu, duk wanda za a yi wa awo sai ya gwada igiyar a nan tukuna. Aka ce kowace ranar kasuwa a buɗe kundi a karanta wa jama'a sunan kowane fili da mai shi, kuma ba a ciniki sai mai saye da mai sayarwa sun zauna ido da ido sun ji kuɗin daga bakin juna.

Duk da haka gari bai warke da wuri ba. Shekaru aka yi in ka nuna wa dabba takarda sai ta yi dariya ta wuce. Damo ya so ya sayar da gidansa na halal don ya aurar da 'yarsa, ya rasa mai saye, kowa yana tsoron kada wani ya ɓullo da wata takardar. Sabon mai magani da aka samu, mai gaskiya, ya yi ta zama ba mai zuwa, masu ciwo sun gwammace su kwanta a gida.

Gizo kuwa da ya ga waɗanda ya cuta sun nufo shi, Tunku a gaba, Zabuwa a baya tana ta ƙara, sai ya kama bango ya haye can saman kusurwa inda hannu ba ya kai. Ƙoƙi ta ɗaga kai ta ce, "Maigida, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu.

Shi ya sa har gobe Gizo ba shi da fili ko taku ɗaya a ƙasa, sai dai ya raɓa a kusurwar ɗakin wani. Ba ya yarda da igiyar kowa, daga cikinsa yake zaro tasa. Ba ya kiran magini, da kansa yake saƙa ɗakinsa. Kuma duk ran da mai ɗaki ya ɗago tsintsiya, ba ya tsayawa gardama, don ya san ba shi da takarda, kuma ko yana da ita ba mai yarda.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.